Dusar Cikin Taya

Ku samarin da kuka kakkafa injin iska a bakin titin Ajingi zuwa Gaya, da ku nake. Ina ganinku in mun wuce. Kowa ya samu rabin duro da liba biyu na ɓanɓare taya da tsinken cusa igiya, ya rataya tsohuwar taya a jikin bishiya, shi ke nan ya zama mai faci. Wani daga cikinku, ɗan maƙwabtanmu, ya faɗa wa uwarsa a gabana wai sati guda ya ishi mai hankali ya koyi aikin nan. Ban tanka ba, don ba ni aka tambaya ba. Amma maganar ta tsaya min a wuya, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan da ɗan karatun da Allah ya ba ni.

Sunana Rabi. 'Yar mai faci ce ni, kuma matar direba. Mahaifina, Malam Ado, yana aikin taya a Gaya tun kafin a haife ni, a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Mata aka jero masa da farko, sai can baya aka samu namiji, ƙanena Auwalu. Kafin Auwalu ya isa ɗaga liba, ni ce mai miƙa kaya. Daga miƙa kaya na koma nutsa tib a ruwa, daga nan guga, daga nan faci. Da aka kawo ni Ajingi ma ban ajiye ba. A tsakar gida nake yi, a shigo min da tib ɗin keke da na babur da na kurar 'yan garuwa, in yi, a fita da shi. Mutane da yawa a unguwarmu sun hau facina ba su san hannun mace ba ne.

Aikin da na fara yi tun daga farko har ƙarshe, babur ɗin wani Bafulatani ne da ke ɗauko matan rugarsu da nono daga wajen Balan. Na hura tib ɗin, na nutsa shi a rabin duro ina juyawa a hankali, sai ga iska tana tasowa a jere, ƙanana ƙanana kamar tsakiya. Na soka tsinken ashana a hujin don kada ya ɓace min, na goge, na yi faci, na sake nutsawa, shiru. Na ɗauko zan mayar ke nan, Baba yana kan wata tayar, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ina ɓarawon?" Haka yake kiran abin da ya huda taya. A wurinsa ba a mayar da tib sai an kamo abin an ɗora masa a tafin hannu. Na zura hannu cikin tayar ina bi da yatsu. Na zagayo ban ji komai ba, na sake zagayowa, sai wani abu ya ja min fata. Kan ƙayar aduwa ce ta karye a ciki, daga waje ko alama babu. Bafulatanin ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Yanzu wannan 'yar abar ce ta sa ni turi tun hantsi?" Baba ya ce, "Ita ce. Kuma da an mayar da tib a kanta, kafin ka fita gari ka sake sauka, nonon ya tsinke a rana." Akwai wani gwangwanin madara da yake tara ɓarayin nan a ciki. Na ga ƙusar ƙofa, na ga kan almakashi, da hannun cokali, da guntun ƙashi, har da mabuɗin kwaɗo. In yara sun dame shi sai ya girgiza musu gwangwanin su gudu.

Wata ranar kasuwa wani direban akori-kura ya tsaya da awaki cike da baya, tib ɗinsa ya tsage. Irin wannan sai facin wuta, wanda da yawanku ba ku taɓa gani ba. A goge wurin da magagari har ya yi kaushi, a shafa sholisho, wato gam ɗin faci, a bar shi ya sha iska har ya daina kama bayan yatsa. A yanko ɗanyen roba a ɗora, a rufe da takarda, a danne da tsohon fistin na mota a cikin matsewar ƙarfe, a zuba kananzir a kan fistin ɗin a kunna. Daga nan babu sauran aiki sai jira. Wutar ta ci ta mutu da kanta, ƙarfen ya huce har a iya taɓa shi. Direban nan sai kai da komo yake yi. Ya ce, "Malam Ado, awakin mutane za su mutu a rana!" Baba ya ce, "Tura motar inuwa, ga 'yan kallo nan sun fi goma." Ya ce, "Ai ya nuna, cire kawai." Baba ya ce, "Matarka tana kwashe tuwo bai sulala ba? In na cire shi ɗanye, da kai da awakin duk a hanya za ku yini." Da aka kwance, facin ya narke ya zama jiki ɗaya da tib ɗin, ko farce ba ya samun bakinsa. Na daɗe ina shafa wurin. Har yau in na ga roba biyu sun haɗu haka ta hanyar wuta, sai na ce ikon Allah.

In kun je Gaya ku duba jikin darbejiyar nan, sama da kan mutum, akwai tabo mai zurfi da har yau bai rufe ba. Ina cikin gida ranar, muka ji ƙara kamar an harba bindigar toka a zaure, kaji suka watse, Innarmu ta fito ba ɗankwali. Tayar babbar mota ce, irin mai zoben ƙarfe a bakin wili. Direban ya gaji da jira, ya karɓi tiyon iska da kansa, zoben bai zauna daidai ba, ya tashi. Ta gefen kunnensa ya wuce ya sari bishiya. Mutumin nan zama ya yi a ƙasa, aka ba shi ruwa. Tun daga ranar Baba ba ya hura irin tayar nan sai ya ɗaure ta da sarƙa, ya juya fuskar zoben ga bishiya, ya kori kowa daga gabanta. Iskar nan da ba a gani, wadda muke shaƙa kyauta, in an matse ta a cikin roba tana iya raba mutum da kansa. Shi ya sa ba ya yarda da awon ƙafa, wato direba ya shuri taya ya ce ƙara mata ta yi tauri. Geji yake sawa, ma'aunin iska. Yakan ce iskar da ka ɗura da sanyin safiya, in azahar ta yi kwalta ta ɗau zafi, ƙaruwa take yi, ba ta neman izininka. Su kuma masu zuba fetur a cikin taya su ƙyasta ashana don bakinta ya kama wili, ko kusa da rumfarsa ba sa yi.

Baba da sunan jikin mutum yake kiran sassan taya. Inda ke taka ƙasa, tafi. Gefen da ke da rubutu, kwiɓi. Inda suka haɗu, kafaɗa. Inda ke kama wili, baki. Wata rana ya shimfiɗa hannunsa a ƙasa kusa da tayar wata mota da aka loda wa hatsi, ya ce in duba iya inda tayar ta taɓa ƙasa. Bai wuce faɗin tafin hannunsa ba. Ya ce, "Kin gani? Da motar, da buhunan, da mutanen da ke saman buhunan, duk a kan irin wannan guda huɗu suke." Tafi yana da kauri, da waya a cikinsa. In ƙusa ta shiga tsakiyarsa, hujin bai wuce kaurin fensir ba, ana iya toshe shi a liƙe ta ciki, a tafi lafiya. Kwiɓi kuwa siriri ne, zare ne da roba, kuma duk juyawar taya sai ya lanƙwasa ya miƙe, kamar cikin mai numfashi. Abin da ke motsi haka ba ya riƙe faci. Kafaɗa ma haka. Duk wanda ya kawo huji a kwiɓi ko a kafaɗa, Baba haƙuri yake ba shi.

Da tayoyi marasa tib suka yi yawa, igiyar nan mai danƙo ta zo, wadda kuke cusawa daga waje ba ku kwance komai ba. Baba bai ƙi ta ba. Yana kiranta kai-ni-gida. In ta kama ka a daji, ka cusa, ka lallaɓo. Amma in ka iso, sai an buɗe. Dalilin na gan shi a kan motar wani dillalin shinkafa da ya taho daga Kademi. Ƙusa ce 'yar ƙarama a tsakiyar tafi, tayar kuma zanenta sabo ƙal. Ya ce a cusa masa igiya, sauri yake. Baba ya yi masa tambayar da yake yi wa kowa: "Daga inda ta sace zuwa inda ka tsaya, tafiyar yaya?" Ya ce, "Nan da can ne." Dattawan da ke zama a bencin Baba suka yi dariya, don sun san zancen. Baba yakan ce tunda yake bai taɓa haɗuwa da direban da ya yi tafiya a kan tayar da ta sace fiye da nan da can ba. Aka buɗe. Baba ya ce in sa hannu. A ƙasan tayar na ji wani abu mai laushi, na damƙo, baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ya ce, "Dusa ke nan." In iska ta fita aka ci gaba da tafiya, kwiɓi ninkewa yake yi, wili ya hau kansa da nauyin mota yana murza shi kamar dutsen niƙa. Naman tayar ne ke niƙewa ta ciki. In an toshe huji aka hura, za ta tashi tsaf, ta riƙe iska, kumfar sabulu ba za ta nuna komai ba. Daga waje abin da za a gani kawai wani zobe ne dishi-dishi a kwiɓi, inda rubutun ya ɗan goge. Dillalin ya ce wannan neman ciniki ne kawai, ya ɗauki tayarsa ya tafi gaba. Baba bai hana shi ba. Ya ce tayarsa ce.

Shekarar da mai ya yi tsada, ita ce ta kusa tashin rumfar. Taya sabuwa ta fi ƙarfin direba, ta gwanjo ma sai wane da wane. Kowa ya shiga bayan ɗaki ya zaƙulo wadda ya jefar. Ana kawo masu tsaga a kwiɓi a ce a ɗinke da zare a sa guntun taya ta ciki. Ana kawo masu ƙullutu kamar an cusa musu ƙwai. Ana kawo waɗanda waya ta leƙo. Baba ya ce ba zai yi wa motar fasinja ba. A tsallaken titi aka samu masu yi, layi ya koma can. Mu sai mu yini injin bai tashi ba, in ma an tashe shi don keke ɗaya, man da ya sha ya fi ladan. Baba ya koma famfon hannu, da tsufansa. Innarmu ta fara suyar awara. Wani direba abokinsa tun na yarinta ya zo har gida ya ce, "Ado, taurin kan nan ba zai ciyar da yaranka ba. Ga waɗanda aka ɗinke min can, wata nawa ina yawo a kansu, me ya faru?" Baba ya ce, "Babu. Allah ya sa kada ya faru." Kuma gaskiya ne, yawancinsu babu abin da ya same su. Wannan shi ne wahalar sana'ar nan, ku sani. Mugun aiki yakan kai mutum gida sau da yawa, har ya ɗauka aiki ne mai kyau. Taya ba ta faɗin ranarta.

Masu amalanken shanu ne suka riƙe mu a shekarar. Tayar da ta mutu wa mota, in an sa mata tib, takan yi shekaru a ƙarƙashin amalanke, don sa ba ya gudu, in ma ta fashe sai dai taki ya zube. Manoman Balan da na Kademi suka riƙa zuwa, wani ya biya da kuɗi, wani da damin gero. Amma akwai irin tayar da Baba ba ya bari ta fita ko da sunan amalanke, wato mai dusa a ciki amma sabuwa a ido. Yakan ce irin wannan ba ta kaiwa gona, a hanya wani zai gani ya taya, gobe ka gan ta a gaban motar haya. In mai ita ya yarda, wuƙa Baba ke sawa ya tsaga kwiɓin, kowa ya huta.

To, kakar bara abin ya zo har ɗakina. Lokacin ina goyon 'yar fari, ba ta fara zama ba. Maigidana yana da tsohuwar motarsa ta haya, kuma bai daɗe da sayar da san da ya yi kiwo ba ya sa mata sababbin tayoyi biyu a gaba. Ranar ya ɗauko gyaɗa daga Gafasa zai kai Gaya. Kun san halin direbobinmu da kaka, sai ya sauke safaya, tayar ajiya, a gida don buhu ɗaya ya ƙara shiga. Da ya dawo yana cin abinci yake ba ni labari, wai ƙusa ta kama shi kafin ya shiga Gaya, Allah ya taimaka ya lallaɓa da ita har ƙofar gidanmu. Baba yana gona, Auwalu ne a rumfa, don yanzu shi ke riƙe da ita. Ya cusa masa igiya, ko kwancewa ba a yi ba. Na ce, "Da kayan a kai ka lallaɓa?" Ya ce, "To da a kaina zan ɗauko su?"

Washegari sunan Yaya Hauwa ne, babbar yayarmu da ke aure a Kademi. An shirya za mu biya Gaya mu ɗauki Inna da sauran mata, mota ta cika, mu wuce da rana tsaka. Da safe na fito da goyona, na tsuguna a gaban tayar. Ta gaba ce, ɓangaren da nake zama. Ta tashi tsaf. Na tofa yawu a yatsa na goge ƙurar kwiɓin, sai ga zoben nan, ya zagaye ta, rubutun ya dushe kamar an bi shi da toka. Maigidan ya leƙo ta taga ya ce, "An fara. 'Yar mai faci ta fito duba marar lafiya." Na ce, "Don Allah mu tafi a hankali, in mun je Baba ya gani." Ya ce, "Tayar da ko wata uku ba ta yi ba?" Na zagaya na shiga baya, ɗaya ɓangaren, na kwanto yarinyar na rungume. Ya dube ni ta madubi, ya girgiza kai. Amma a hankali ya tafi, wannan kam zan faɗa. Har masu babur suna wuce mu suna cewa, "Direba, ƙwai ka ɗauko?"

Muka tarar da mata sun fito ƙofar gida da kwanuka, kowa ta sha lalle. Baba yana kan benci da abokansa. Idonsa ya yi rauni yanzu, aikin sai dai ya zauna ya sa baki. Ni kuwa ga ni tsakanin abu biyu. Ba zan kunyata miji a gidan surukansa ba, kuma ba zan buɗe baki a gaban mahaifina in ce ina tsoro saboda 'yar fari ba, yarinyar da ko sunanta ba na kamawa a gaban manya. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa ita. Ya karɓa yana cewa, "A'a, amaryata ce da kanta? Me kika kawo min, ko hannu biyu kika zo?" Sai na ce, a hankali, "Baba, jiya an yi wa tayar gaban nan kai-ni-gida."

Ya juya wajen maigidan ya ce, "Sale, daga inda ta sace zuwa inda ka tsaya, tafiyar yaya?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Nan da can ne, Baba."

Bencin nan gaba ɗaya ya kwashe da dariya, har wani tsoho yana tari. Auwalu ya taso ya ce, "Wallahi Baba ta riƙe. Na sa kumfa, ko ɗigo babu. Yaya Rabi ce kawai da tsoronta, ita ko keke ta gani sai ta latsa tayarsa."

Baba ya ce, "Buɗe."

Inna ta ce, "Haba Malam, za a gama rabon abinci ba mu je ba."

Ya ce, "In an gama a ɗumama muku."

Auwalu ya sa jak yana ƙunƙuni, ya kwance, ya sace iskar, ya danne bakin tayar ya zare ta daga wili. Baba ya miƙa wa Inna yarinyar, ya tsuguna, ya zura hannu. Ya zagaya, ya sake zagayawa. Sai ya zaro hannun ya riƙe shi a gaban fuskarsa yana murza yatsu, ya ce, "Hannun nan ya mutu. Wuta da sholisho sun cinye shi, ba ya jin komai sai zafi. Rabi, zo."

Ina cikin kayan suna, ga maza cike da wurin. Na naɗe hijabi a kafaɗa na tsuguna. Na fara da tafi, sumul, har na ji wutsiyar igiyar Auwalu a tsakiya, kuma ya cusa ta daidai, ba laifi. Na gangaro kwiɓi. Nan yatsuna suka faɗa cikin wasu ƙwarya-ƙwaryan layuka, fatar ta yamutse kamar busasshiyar kuɓewa, wani wurin har ina jin zare tsirara. Na kai hannu ƙasa na kwarfo. Da na fito da shi, tafin hannuna cike yake da baƙar dusa, ta rufe jan lallen gaba ɗaya, tana zuba ta tsakanin yatsu.

Auwalu ya matso ya sa nasa hannun, ya daɗe a ciki, ya fito da shi yana kallo. Ya ce, "Amma fa ta riƙe iska." Baba ya ce, "Ta riƙe. Da sanyin safiya, da mutum biyu da jaririya. Saura mata cike da mota, da kwanukansu, da kwaltar azahar."

Wani direba da ya tsaya ƙara wa tayarsa iska ya leƙo ya ce, "Sale, kada ka bari a ɓata maka sabuwar taya. A sa mata tib. In kuma tsoro kake ji, sayar min in sa a baya." Maigidan ya dubi tayar. Ni na san abin da yake gani, san nan ne da ya yi wata da watanni yana yankar wa ciyawa. Ya ce, "Baba, ba wata dabara?" Baba ya ce, "Tib iska yake riƙewa, ba ya mayar da naman da ya niƙe. Tayarka ce, Sale, ba zan ce ka yi ko ka bari ba. Amma in a kanta za ku tafi, ku bar min amaryata a nan, ni ban gaji da ita ba."

Maigidan ya juya ya dubi yarinyar a hannun Inna, tana ta cusa gefen mayafi a baki. Ya dubi direban da ke jiran amsa. Sai ya miƙa hannu ya ce, "Auwalu, ba ni wuƙar."

Kwiɓin taya mai lafiya, sai namiji ya dage kafin wuƙa ta shige shi. Wannan kuwa yana dannawa ta nutse kamar a cikin kabewa, har ya kusa faɗawa kanta. Ya buɗa tsagar da yatsu. Zaren duk ya rabu da roba, abin da ya rage tsakanin iska da waje bai fi kaurin ganyen kuka ba. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A kan wannan na taho da su yanzu?" Baba ya ce, "A kan wannan. Mai riƙewa ne ya riƙe." Dattawan suka matso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taɓa ya yi salati ya koma. Inna ba ta ƙara zancen abinci ba.

A babur maigidan ya koma Ajingi ya ɗauko safaya. Sai bayan la'asar muka isa Kademi, an kwashe komai, ƙanzo muka samu da guntun nama. Ya daɗe kafin ya iya sayen wata tayar, kuma tun daga ranar ko buhun zinariya ne ba ya sauke safaya. Auwalu yanzu duk wadda aka kawo sai ya buɗe, direbobi suna zaginsa kamar yadda suka zagi ubansa, wasu suna tsallaka titi.

Tsagaggiyar tayar ni na roƙa aka ba ni. Na wanke ta da omo da soso har ruwan ya daina baƙi, na shanya, na kwantar da ita a inuwar ɗakina, na shimfiɗa tsohon zani a ciki. A cikinta yarinyar ta koyi zama. In ta yi baya taya ta tare ta, in ta yi gefe taya ta tare ta. Yanzu ta yi ƙafa, amma ba ta yarda kowa ya taɓa mata ita, da rana can take shigewa ta naɗe ta yi barci.

Saboda haka wanda yake ganin sati guda ya ishe shi, ya zo ya yi sallama a zaurenmu, zan sa a mirgino masa ita ya zura hannu ya ji yadda kwiɓin da ya niƙe yake, don ya gane shi ranar da aka kawo masa. Sai dai in ya tarar mai ita tana ciki, ya samu wuri ya zauna, ya jira ta tashi.